Kogin Rayin daga Tsaunukan Alps zuwa Teku: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin ɗalibai da malaman labarin ƙasa, da masu bin labaran Turai da kan ji an ce Rayin ya janye ko ya yi ambaliya. An fi ba da ƙarfi ga ɓangaren kogin da ke cikin tsaunuka, domin abin da ya faru a can shi ne mutanen gangare ke gani a ƙofar gidansu.

A ina Rayin yake, kuma ina ya nufa?

Yana tasowa ne daga tsaunukan Alps, a jihar Graubünden da ke kudu maso gabashin Suwizalan, ya nufi arewa har ya faɗa Tekun Arewa a Holan. Ƙasashe shida yake ratsawa ko yake yi wa iyaka: Suwizalan, Liechtenstein, Ostiriya, Jamus, Faransa da Holan. Idan kuwa aka haɗa da duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa, wadda faɗinta ya kai murabba'in kilomita 185,000, sai su zama tara, domin Italiya da Beljiyam da Luksambur sun shigo.

Masana sukan yanka shi kashi-kashi. Akwai rassan mafari guda biyu, sai Rayin na tsauni har zuwa Tafkin Konstanz, sai ɓangaren da ya yi yamma zuwa Basel, sai na kwarin da ke tsakanin Jamus da Faransa, sai na tsakiya mai duwatsu daga Bingen zuwa Bonn, sai na gangare da ya bi ta Kolon da Duisburg, sannan rassan bakin teku a Holan. Mai sauraron Sashen Hausa na DW ya san Bonn da Kolon, kuma dukansu a bakin wannan kogi suke.

Tsawonsa kilomita 1,230 ne ko 1,320? Littattafai sun saɓa.

Kusan 1,230 ne. Lambar 1,320 kuskure ce da ta shiga wani kundin sani na Jamusanci a 1932, da alama an juya lambobi biyu ne wajen buga shi, daga nan littattafai suka yi ta kwafa daga juna har da na makaranta. A 2010 ne Bruno Kremer na Jami'ar Kolon ya lura, ya tara tsawon sassan kogin ɗaya bayan ɗaya, lissafi ya ƙi fita. Kogin Neja ya ninka shi fiye da sau uku.

Kada a ruɗe da manyan lambobin da ake rubutawa a allunan bakin kogi. Waɗannan na matuƙan jirgi ne, kuma sifilinsu yana tsohuwar gadar birnin Konstanz, saboda haka duk ɓangaren tsauni ba ya cikin ƙidayarsu.

Ina ne ainihin mafarinsa?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce Tomasee, wani ɗan tafki a tsayin mita 2,345 kusa da mashigin tsaunin Oberalp. Daga nan reshen da ake kira Vorderrhein, wato Rayin na gaba, ke fitowa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 76. Ɗaya reshen, Hinterrhein ko Rayin na baya, yana fitowa daga ƙanƙarar da ke gindin tsaunin Rheinwaldhorn mai tsayin mita 3,402, ya yi kimanin kilomita 64. Suna gamuwa a Reichenau, gab da birnin Chur, kuma daga wannan magama ne ake kiran kogin Rayin kawai.

Zaɓen Tomasee al'ada ce fiye da awo. Idan nisa daga teku ake bi, rafin da ke fitowa daga kwarin Cadlimo ya bi ta Medel ya fi shi tsawo. A wannan yanki rafuffuka da dama ne ke ɗauke da sunan kogin a yaren Romansh, kowane kwari da nasa, kuma wani ma daga ƙasar Italiya yake zuwa, ta kwarin Lei. A mashigin Oberalp an kafa hasumiyar fitilar jiragen ruwa irin wadda ta taɓa tsayawa a bakin kogin a Holan. Don masu yawon buɗe ido aka yi ta, babu jirgin da zai taɓa zuwa wurin.

Me ya sa yake cika a lokacin zafi, alhali ba damina ake yi ba?

Saboda a tsauni ruwan hunturu ba ya gudu, kwanciya yake yi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu abin da ke sauka a sama dusar ƙanƙara ce, tana taruwa, kogi kuma yana ramewa. Da zafi ya shigo a Mayu sai ta fara narkewa daga ƙasa tana hawa, kogin ya kai ƙololuwarsa a Yuni zuwa Yuli. Daga baya, a Agusta da Satumba, ƙanƙarar dindindin ce ke ɗan tallafa masa, wato wadda ta daskare shekara da shekaru a ƙwanƙolin tsauni.

Bambancin yana da girma. Rayin na tsauni kan kai wa Tafkin Konstanz kubik mita 230 a daƙiƙa idan aka yi matsakaicin shekara, amma a tsakiyar hunturu yakan sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na wannan, a ambaliyar Yulin 1987 kuwa ya haura 2,600. Mafi haɗari shi ne ruwan sama mai ɗumi ya sauka har can sama a kan dusar da ba ta gama narkewa ba, ruwa biyu su taho lokaci guda.

A gangare lamarin akasin haka ne. Rassan Neckar da Main da Mosel ruwan sama suke dogara da shi, kuma a hunturu suke cika. Shi ya sa ambaliyar Kolon takan zo a Disamba ko Janairu. Haɗuwar waɗannan ɗabi'u biyu ce ta sa Rayin ya fi yawancin kogunan Turai daidaito, idan ɗaya ya yi ƙasa ɗayan ya riƙe shi. Duba amsar da ke kan Kaub, wani gari a ɓangaren tsakiyar kogin, don ganin abin da ke faruwa idan dukansu suka gaza.

Me ya haifar da farin kwazazzabon da ke tsakanin Ilanz da Reichenau?

Zaftarewar dutse ce. Kimanin shekara 9,500 da suka wuce wani ɓangaren tsauni a saman Flims ya sulluɓo ya cike kwarin, kuma ita ce zaftarewa mafi girma da aka sani a Alps, tarkacenta ya kai kubik kilomita goma ko fiye. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki a wajen Ilanz, har ya sami hanya ya yanka tarkacen. Abin da ya bari shi ne Ruinaulta, kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita 13, bangonsa farin dutse ne da ya niƙe, mai saurin marmashewa. Babban titin mota ba ya bin ƙasansa, layin dogo ne kawai ya bi gefen ruwa.

Wace rawa kwarin Rayin na baya ya taka a fatauci?

Shi ne hanyar da ke kai mutum ga mashigan Splügen da San Bernardino, daga nan a gangara Italiya. Tun zamanin Rumawa ake bin ta. Matsalarta ita ce Via Mala, tsakanin Thusis da Zillis, inda kogin ya matse cikin tsagar dutse mai zurfin kusan mita 300, a wasu wurare faɗinta 'yan mitoci ne. A 1473 garuruwan Thusis da Masein da Cazis suka ƙulla yarjejeniyar gyara hanyar cikin kwazazzabon, aka sassaƙe dutse aka yi wa alfadarai wurin taka ƙafa.

Dakon kayan yana hannun ƙungiyoyin mutanen kwarin. Kowace ƙungiya tana da yankinta, ta ɗauki kaya daga zango zuwa zango ta miƙa wa ta gaba, a biya ta lada da kuɗin hanya, kamar yadda fatake suka san zango da fito a hanyar Gwanja. An yi hanyar keken doki tsakanin 1818 da 1823, amma buɗe layin dogon Gotthard a 1882 ya kashe wannan sana'a kusan dare ɗaya, kaya suka koma wani kwarin. Sai a 1967, da aka buɗe ramin mota na San Bernardino, zirga-zirga ta dawo.

Me ya sa kogin yake miƙe sambal tsakanin Suwizalan da Ostiriya?

Mutane ne suka miƙe shi. A da, daga Sargans zuwa tafki, Rayin yawo yake yi cikin fadama, ya rabu ya haɗu, ya tara tsakuwa a nan ya kwashe a can. Kowane gari yakan gina jingar da za ta tunkuɗa ruwa zuwa wancan ƙetare, na wancan ƙetaren su ma su rama, kogi ya ƙare a gonar wanda jingarsa ta fi rauni. Tsakuwar da ke gangarowa daga tsauni kuma tana ɗaga gindin kogin kowace shekara. Ambaliyar 1817 da ta 1868 da ta 1888 suka nuna cewa gari ɗaya ba zai iya ba, ƙasa ɗaya ma ba za ta iya ba.

A 1892 Suwizalan da daular Ostiriya da Hangari suka sa hannu kan yarjejeniyar gyaran kogin. Dabarar ita ce a gajarta hanya domin gangara ta ƙaru, ruwa ya yi sauri ya kwashe tsakuwarsa da kansa. An yi yanka biyu: na Fussach, kusan kilomita 5, wanda aka buɗe a 1900 ya kai kogin tafki kai tsaye, da na Diepoldsau, kusan kilomita 6, a 1923, wanda ya datse wata babbar lanƙwasa. An yi jinga biyu-biyu a kowane gefe, ta ciki mai riƙe ruwan yau da kullum, ta waje mai tsayi don ambaliya, da filin ciyawa a tsakaninsu.

Iyakar ƙasa ba ta bi sabon kogin ba, ta tsaya a tsohon. Shi ya sa garin Diepoldsau na Suwizalan yake gabashin Rayin a yau, garuruwan Höchst da Gaissau da Fussach na Ostiriya kuma suke yammacinsa.

To gyaran ya yi abin da aka so?

Ya rage ambaliya sosai, kwarin da ke fadama ya zama gonaki da masana'antu da gidaje. Amma kowane gyara ya haifi nasa ciwon. Da farko tsakuwar ba ta wuce ba kamar yadda aka lissafa, domin an bar tsakiyar kogin da faɗi, ruwa ya rasa ƙarfi, gindi ya ci gaba da tasowa. A Satumban 1927 itatuwan da ruwa ya kwaso suka toshe ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Schaan, jinga ta ɓalle, ruwa ya mamaye fadamar Liechtenstein har Ruggell. Wata sabuwar yarjejeniya, ta 1954, ta sa aka matse tsakiyar kogin aka ƙara wa jinga tsayi.

Daga nan aka zarce zuwa ɗaya ɓarin. Masu gini suka yi ta haƙar tsakuwa daga cikin kogin tun shekarun 1950, gindi ya nutse da mitoci, ruwan rijiyoyi ya bi shi ƙasa, ginshiƙan gada suka fito fili. A 1970 gadar mota tsakanin Buchs da Schaan ta rufta, bayan haka aka taka wa haƙar birki. A bakin tafki kuma laka da yashi, kubik mita miliyan 2 zuwa 3 a shekara, suka fara cike gaɓar Fussach da Hard, sai aka zarce da jingar har cikin tafkin, kusan kilomita 5, domin ta kai lakar inda ke da zurfi.

Jingar yanzu an yi ta ne don kubik mita 3,100 a daƙiƙa. Shirin da ake kira Rhesi, wanda ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 2024, zai kai ta 4,300 a kilomita 26 na ƙarshe, daga magamar kogin Ill zuwa tafki. Hanyar da aka zaɓa ita ce a faɗaɗa kogin, a cire jingar ciki, a ba shi filin ciyawar ya yi yawo a ciki. Gardamar da ta fi zafi a kan filayen noma ce da rijiyoyin ruwan sha da ke cikin wannan fili.

Mene ne aikin Tafkin Konstanz a rayuwar kogin?

Aiki uku yake yi: yana tace ruwa, yana rage ƙarfin ambaliya, yana ajiya. Faɗinsa murabba'in kilomita 536 ne, zurfinsa ya kai mita 251, kuma Rayin ne ke kawo kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwan da ke shigarsa. A inda kogin ke faɗawa ana ganin layi ƙarara a kan ruwa, ruwan toka a gefe guda, shuɗi a ɗaya gefen. Ruwan kogin ya fi na saman tafkin sanyi da nauyi saboda laka, sai ya nitse ƙarƙashinsa. Abin da ke fita ta Konstanz ruwa ne garau.

Babu madatsa a mafitar tafkin. Yana tashi ya sauka da kansa, kimanin mita ɗaya da rabi tsakanin Fabrairu da Yuni, kuma ambaliyar da ta shigo cikin kwana biyu takan ɗauki makonni tana fita. Daga Sipplingen ake zuƙo ruwa a zurfin mita 60 ana tura wa mutane kusan miliyan 4 a kudu maso yammacin Jamus, har Stuttgart. Wani abin mamaki shi ne Jamus da Ostiriya da Suwizalan ba su taɓa shata iyaka a babban ɓangaren tafkin ba, kowa da fahimtarsa, kuma ana zaune lafiya. Rabon da ya daskare baki ɗaya tun 1963.

Jirgin ruwa zai iya tafiya daga teku har tafkin?

A'a. Manyan jiragen kaya suna tsayawa a Basel da Rheinfelden. A gaba akwai madatsun lantarki, sannan akwai matsirgar da ke kusa da Schaffhausen, inda kogin ke faɗowa daga tsayin mita 23 a faɗin mita 150. A lokacin zafi kimanin kubik mita 600 ke zubowa a daƙiƙa, a hunturu kimanin 250. Matsirgar ba ta da tsufa a lissafin duwatsu, shekara 14,000 zuwa 17,000 ne, lokacin da kogin ya kauce wa tsohuwar hanyarsa da tsakuwa ta cike, ya bi ta kan dutse mai tauri.

Ƙasa da nan kogin Aare ke shigowa, kuma a magamar ya fi Rayin ruwa, kusan kubik mita 560 a daƙiƙa a kan 440. Da yawan ruwa ake raɗa suna, da Aare ne ya isa Holan.

Madatsun lantarki sun canja kogin a tsauni?

Sosai. A reshen gaba akwai tafkunan Curnera da Nalps da Santa Maria, a na baya akwai Sufers da Valle di Lei. Na ƙarshen ruwansa a Italiya yake, amma bangon madatsar a Suwizalan, bayan ƙasashen biyu sun yi musayar fili. Tafkunan suna kama ruwan narkewa a lokacin zafi su sake shi a hunturu, lokacin da wuta ke tsada. Illar da ta fi damun kifi ita ce hawa da saukar ruwa a cikin yini guda: a kunna injuna da safe ruwa ya taso, a kashe da dare ya janye, ƙananan kifaye su maƙale a kan tsakuwa, ƙwai ya bushe.

Ba kowane shiri ne ya yiwu ba. A shekarun 1940 an so a nutsar da garin Splügen cikin wani ƙaton tafki, mutanen kwarin suka ƙi, gwamnatin tarayya ta yi watsi da shirin a 1946.

Wane ne Tulla?

Johann Gottfried Tulla injiniya ne na ƙasar Baden, a kudu maso yammacin Jamus ta yau, wanda ya tsara miƙe kogin daga Basel zuwa arewa. An fara a 1817, aka gama a 1876, shi kuwa ya rasu tun 1828. Ra'ayinsa shi ne kogi hanya ɗaya ta ishe shi. Ba haƙa duka ake yi ba: a yanka siririyar magudana ta wuyan lanƙwasa, a bar ruwa ya faɗaɗa ta da kansa, idan ta kai mita 200 zuwa 250 a ɗaure gaɓarta da duwatsu. Tsakanin Basel da Worms kogin ya gajarta da kusan kilomita 81. Mutanen Knielingen sun yi tirjiya har sai da aka kai sojoji.

An sami gonaki, zazzabin cizon sauro ya ja baya, iyaka ta tsaya wuri ɗaya. Amma irin abin da aka bayyana a amsar gyaran ɓangaren tsauni ya faru a nan ma. Ruwa mai sauri ya ci gindinsa da mitoci a kudu, duwatsun Istein suka fito suka tare jirage, dazuzzukan fadama suka bushe, ambaliya kuma ta riƙa isa garuruwan gangare da wuri. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransa ta sami ikon karkatar da ruwan, ta gina babbar magudanar Alsace, tashar lantarki ta Kembs ta fara aiki a 1932. Madatsa ta goma kuma ta ƙarshe, Iffezheim, an gama ta a 1977.

Tun yaushe Rayin ya zama iyaka?

Julius Kaisar ya yi masa gadar katako a shekara ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sake a ta 53, duka biyun ya tsallaka ya dawo ya rushe. A shekara ta 15 kafin haihuwar, Rumawa suka ci yankin tsaunin. Bayan an hallaka rundunarsu a dajin Teutoburg a shekara ta 9 miladiyya, sai suka riƙe kogin a matsayin iyaka, sansanoninsu suka zama birane irin su Mainz da Kolon. Ƙabilu sun tsallako da yawa a ƙarshen 406.

Daga baya rigimar ta koma tsakanin Faransa da Jamus. Faransa ta karɓi Strasbourg a 1681, Jamus ta ƙwace Alsace a 1871, ta koma hannun Faransa bayan 1918, Hitler ya mayar da sojoji yankin Rayin a 1936, sojojin Amurka suka tsallaka ta gadar Remagen a Maris 1945. Duk da haka, a mafi yawan tarihinsa kogin hanya ce fiye da shinge, kuma a wurare da yawa yare ɗaya ake yi a gaɓoɓinsa biyu.

Wa ke da iko da zirga-zirga a kansa, kuma me ya haɗa wannan da kogin Neja?

A zamanin da, kowane basarake da bishop mai ganuwa a bakin ruwa yana karɓar kuɗin wucewa. Ganuwar Pfalzgrafenstein, da aka gina a kan tsibiri a Kaub wajen 1326, don haka kawai aka yi ta. Taron Vienna na 1815 ya kafa ƙa'idar cewa kogin da ya ratsa ƙasashe na kowa ne wajen sufuri, ya kuma kafa hukumar kula da sufurin Rayin, wadda har yau tana aiki daga Strasbourg. Yarjejeniyar Mannheim ta 1868 ta soke kuɗin wucewa, kuma ita ce ginshiƙin dokar har yanzu.

Wannan ƙa'ida ta Vienna ce Turawa suka ɗauko a taron Berlin na 1884 zuwa 1885 suka ɗora wa kogin Kwango da kogin Neja. A takarda kowa na iya shiga Neja da Binuwai da jirginsa. A aikace kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin sarautar Ingila a 1886, ya toshe wa abokan gasa hanya da haraji da dokokinsa.

Me ya sa ake yawan ambaton Kaub idan ruwa ya janye?

Domin nan ne wuri mafi ƙarancin zurfi a hanyar jiragen da ke zuwa kudancin Jamus da Basel. Lambar da ake faɗa a labarai ba zurfin kogin ba ce, awon sanda ce daga wani sifili da aka ajiye. Don a san zurfin hanyar jirgi sai a ƙara mita ɗaya da 'yan santimita a kai. A Oktoban 2018 sandar ta nuna santimita 25, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani, a Agustan 2022 ta sauka kusan 30.

Kogin ba ya rufuwa da doka, matuƙi ne ke lissafin abin da jirginsa zai ɗauka ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Jirgin da ya saba cika ciki sai ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, kuɗin dako ya ninka, man fetur da gawayi da kayan masana'antu su yi tsada a kudu. Irin wannan yakan zo ne a ƙarshen zafi zuwa kaka, bayan dusar tsauni ta ƙare kuma ruwan hunturu bai fara ba.

Gaskiya ne kogin ya taɓa mutuwa saboda guba?

Ya kusa. A 1885 an kama kifin salmon kusan 250,000 a Rayin, zuwa shekarun 1950 ya ɓace, saboda madatsu da ƙazantar birane da masana'antu. A daren 1 ga Nuwamba 1986 gobara ta tashi a rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz a Schweizerhalle kusa da Basel. Ruwan kashe gobarar ya kwashi tan-tan na maganin ƙwari zuwa cikin kogin, ruwa ya yi ja, kifaye suka mutu a tsawon ɗaruruwan kilomita, aka rufe wuraren ɗiban ruwan sha har Holan.

Hukumar kare Rayin tana nan tun 1950, amma sai bayan wannan gobara ta sami haƙora. Shirin 1987 ya tilasta wa masana'antu gina tafkunan tare ruwan gobara, aka ƙara matatun ƙazanta, aka yi wa kifi matakala a Iffezheim a 2000 da Gambsheim a 2006. Salmon ya dawo, sai dai har yanzu da taimakon 'ya'yan kifin da ake sakawa.

Yaya yake ƙarewa a Holan, kuma me narkewar ƙanƙara za ta canja?

Yana shiga Holan da kimanin kubik mita 2,200 a daƙiƙa, ya rabu nan da nan. Kashi biyu cikin uku na bin reshen Waal zuwa Rotterdam, sauran ya sake rabuwa tsakanin Nederrijn da IJssel. Wannan rabo aikin hannu ne, tun magudanar Pannerden ta farkon ƙarni na 18. A Janairun 1995 ruwa ya kai mita 10.69 a Kolon, a Holan kuma aka kwashe mutane kusan 250,000 don tsoron ɓallewar jinga. Daga nan Holan ta koma ja da jinga baya da haƙa hanyoyin gefe a wurare fiye da 30, dabarar da Rhesi ke bi yanzu a can sama.

Ƙanƙarar dindindin ta Suwizalan ta rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na jikinta a 2022 da 2023 kaɗai. A lissafin shekara rabonta cikin ruwan Rayin kaɗan ne, amma tana zuwa ne daidai makonnin da babu wani ruwan, wato ƙarshen Agusta na shekarar fari. Dusar hunturu ma tana raguwa a ƙananan tsaunuka, ruwan sama na maye gurbinta, wanda ke gangarowa nan take maimakon ya jira Yuni. Abin da masana ke tsammani shi ne ƙarin ruwa a hunturu, lokacin da Mosel da Main suke cike, da ƙarancinsa a ƙarshen zafi. Kamfanonin da ke bakin kogin sun riga sun fara sayen jirage masu faɗin ciki da ba sa nitsewa sosai, Jamus kuma tana shirin ƙara wa hanyar jirgi zurfin santimita 20 tsakanin Mainz da St. Goar.